Bari Ya Mutu Mu Ji

Kullum safiya, kafin masu shagunan layinmu su gama laluben makulli a aljihu, mijin yayata ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa. Abin da yake fara yi shi ne ya mirgino wani tsohon kututture daga bayan ƙofa zuwa bakin titi. Kututturen duk jikinsa tsaga ne, domin a kansa ake gwada kowane injin yankan itace da aka kawo gyara. Sai ya share garin katakon jiya, ya jera sukundirebobinsa a kan tsumma, ya haɗa fetur da baƙin mai a gora, ya girgiza, ya ɗaga ta sama ya duba launinta. Daga nan sai ya kifa bokiti ya zauna, ya dafa gwiwoyi yana jira. Babu rediyo a shagonsa, kuma duk wanda ya kunna waƙa a waya, kallo ɗaya zai yi masa ya kashe.

Na san duk wannan dalla-dalla saboda shagona na kallon nasa, titi ne kawai a tsakaninmu, sana'armu kuma ɗaya. Nawa ya fi nasa girma. Ina da allo mai fenti, ina da kanta cike da filogi da sarƙa da kafireta sababbi a kwalinsu, ina da benci mai laushi na masu jira. Shi bokiti gare shi da kututture. Amma in ka ga mutum ya sauko daga babur rungume da inji, fuska a murtuke, to zuba ido. Zai tsaya gaban allona, ya karanta shi tsaf, sannan ya tsallaka titi.

Gara in faɗa tun yanzu: kishinsa nake yi. Ba jiya na fara ba, kuma ban hango ranar dainawa ba. Da na ce zan rubuta masa jinjina tunda ya ce zai rufe shago, yayata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai? To Allah ya sa kar biron ya ƙone maka yatsu." Ga shi kuwa ina rubutawa, kuma yatsun na zafi.

A layinmu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Bari-ya-mutu ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mutum zai zo a fusace ya ce injinsa ba ya daɗewa sai ya mutu. Ni a nan take nake ɗaukar sukundireba. Shi kuwa sai ya ce wa mai injin ya tayar da kansa, ya ɗora a kututture. In injin ya fara tari, mai shi ya ƙara masa wuta don ya ceto shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, bari ya mutu mu ji." Baƙin da ba su san shi ba har zabura suke yi. Wata tsohuwa da ke wucewa ta taɓa tsayawa ta yi masa wa'azi mai tsawo kafin ta gane inji ake nufi.

A wurinsa kowace mutuwa da muryarta. In muryar injin ta yi siriri ta hau sama sannan ta narke, wannan mutuwar yunwa ce, mai ba ya isowa. In ya yi ta gurnani yana aman hayaƙi, filogi ya jiƙe, wannan ta ƙoshi ce, mai ya yi masa yawa. In ya yi ta nishi ba ƙarfi, shaƙewa ce, garin katako ya toshe matatar iska ko baƙin hayaƙi ya like salansa. In kuwa ya ɗauke ɗif, ba tari ba nishi, kamar an kashe fitila, sai ya ce, "Wannan fuju'a ce. Wuta aka yanke masa. Wa ya yanke?"

Na ji wannan karatu har na haddace shi. Haddar ba ta ba ni kunnen ba.

Akwai wani mai sayar da katako da ya taɓa kawo mini injinsa, don ya tarar da layi a can. Injin na aiki lafiya ƙalau da farko, in ya ɗan jima sai ya mutu, in an bar shi ya huta sai ya tashi. Na canza filogi, na canza matatar mai, na sa sabuwar kafireta. Washegari ya dawo, bai ko kalle ni ba, ya wuce can. Ina tsaye bakin ƙofata ina goge wani abu da ba ya bukatar gogewa. Bari-ya-mutu ya bar injin ya mutu, ya kai kunnensa kusa da tanki, ya ɗan sassauta murfin. Duk da titin da ke tsakaninmu sai da na ji tankin ya zuƙi iska, fiii. Ya zaro wata siririyar waya daga aljihun gaba, ya zungure ɗan ramin da tankin ke numfashi ta ciki.

"Hancinsa ne ya toshe," in ji shi. "Kai ma a toshe maka hanci a ba ka ruwa a gora, ka ga ko za ka shanye."

Mai katakon ya waiwayo ya kalle ni. Tun ranar nan aka laƙaba mini suna Sabon-kaya, kuma har yau shi ake kira na da shi, har da ’ya’yan yayata.

Mai shayin kusurwa kuma ba ya gajiya da labarin injin wata mata mai sayar da itacen girki. A kan kututture injin lafiyarsa lau, amma in aka je sare bishiya sai ya mutu. Masu gyara da yawa sun ce ƙarya mai yi mata aikin yake yi, rago ne kawai, har ta yi niyyar sallamarsa. Bari-ya-mutu ya rufe shago da rana tsaka, ya hau bayan babur ya bi su har wurin aikin. Da ya ga an kwantar da injin a gefensa za a yanki gindin bishiya, sai ya gane. Tiyon mai ne ya tsage a wani lungu, kuma tsagar ba ta buɗewa sai injin ya kwanta. Bawan Allah nan bai rasa aikinsa ba, kuma har yau in ya wuce layinmu da kaya sai ya sauke wa Bari-ya-mutu ɗaurin itace a ƙofar shago.

Bari-ya-mutu, kai ne wanda ba ya zargin mutum sai ya ga abin da mutumin ya gani. Kai ne mai haƙurin jiran mutuwar inji alhali mai shi na numfashi a wuyanka. Na faɗa, kuma ban ji daɗin faɗar ba.

Amma duk wannan ba shi ne ciwona ba. Abokan ciniki suna zuwa suna tafiya, kuma na samu nawa rabon. Ciwona Baba ne.

Mahaifinmu mai saran bishiya ne tun kafin a haife ni. Duk gidan da bishiya ta tsufa ta jingina kan katanga, ko reshe ya yi barazanar faɗa wa rufin ɗaki, shi ake kira. Yana da wani tsohon inji ja, fentinsa ya koɗe a daidai inda tafin hannunsa ke zama. Saboda injin nan na koyi gyara. Ina ƙarami nakan zauna ina kallonsa yana wasa haƙoran sarƙa, ina cewa a raina wata rana ni zan riƙa gyara masa shi. Na girma, na koya, na buɗe shago. Injin Baba bai taɓa taka ƙofata ba. Zai sauko daga mota da shi a kafaɗa, ya ɗaga mini hannu, "Sannu da aiki, ɗan nan," ya tsallaka wurin surukinsa. Su zauna, ɗaya a bokiti ɗaya a kututture, su yi ta hira ƙasa-ƙasa. Ni da na fito daga tsatsonsa sai dai in hango bakinsu na motsi.

Na taɓa yi wa yayata ƙorafi. Ta ce, "Kai fa da zarar ka ga inji sai ka hau kwance shi. Baba ba ya son a kwance masa abu yana kallo. Ka taɓa tambayarsa ma yadda injin yake yi masa?"

Na ce, "Inji ai ba hira ake yi da shi ba."

Ta ce, "To ci gaba da gogen kanta."

A daminar da ta wuce injin Baba ya fara mutuwa. Ba da an tayar ba, ba a farkon yanka ba, sai a tsakiyar aiki. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai sai a sake ja a tayar. Amma bishiyar da aka yanka rabi ba ta jiran kowa. Wata rana yana yankan wani babban mangwaro a bayan wani gida, ya ci fiye da rabin gindin, injin ya ɗauke. Kafin ya zare shi iska ta kaɗa, gindin ya tsage, bishiyar ta juya ta faɗo inda ba a tsara mata ba. Reshe ya tsaga masa riga daga kafaɗa har ƙugu. Da ya matsa taku guda zuwa hagu, da wani rubutun nake yi yau. Muka taru a gida muka roƙe shi ya huta. Ya buga sanda a ƙasa ya ce shi lafiyarsa lau, injin ne ke bukatar gyara, kuma gobe zai kai shi inda ya saba.

Washegari ina kallo ya kai. Bari-ya-mutu ya ce ya tayar ya ɗora a kututture. Baba ya yanka, ya yanka, injin ya ɗauke ɗif. Ya sake tayarwa, ya sake ɗaukewa. Surukin nasa ya daɗe zaune a bokiti bai taɓa ko sukundireba ba. Sai na ga ya miƙe, ya yi magana, ya nuna shagona da hannu.

Daga baya mai shayi ya maimaita mini kalmomin, don yana kusa. Cewa ya yi, "Baba, wannan ya fi ƙarfina. Na kasa. Ka kai wa ɗanka."

Mutumin da bai taɓa cewa ya kasa ba! Baba ya tsallako titi da injin a kafaɗa, ya ajiye shi a kan teburina, ya zauna a bencin nan mai laushi karo na farko a rayuwarsa. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Sai da na shiga ciki na yi kamar ina neman wani abu, don kar ya ga bakina ya ƙi rufuwa. Na leƙa ta taga in ga ko na can yana kallo. Yana kallo kuwa, sai na ƙara ɗaga murya ina cewa, "Bar shi a nan, Baba, ƙaramin abu ne."

Na ji irin mutuwar da kunnena, fuju'a ce, kuma na haddace karatun: wuta aka yanke. Na canza filogi. Na canza wayar filogi. Na canza abin da ke ba da wuta gaba ɗaya. Na kwance makunnin da ake kashe injin da shi, na goge, na mayar. Na yanka itace da shi har kafaɗuna suka yi tsami, a tsaye, a kwance, a karkace, ko tari bai yi ba. Na miƙa wa Baba ina ƙirji gaba. Bai kai yamma ba ya dawo, ya dire shi a teburin ya ce, "Ya mutu." Na sake kwancewa. Ya sake dawowa. A zuwansa na ƙarshe ya ce an kira shi wani gida jibi, bishiya ce babba kusa da ɗakin yara, kuma ko da gyara ko ba gyara zai je, don ya riga ya ba da baki.

Titin nan da ke tsakanin shagunanmu ba shi da faɗi, amma ban taɓa tafiya mai nisansa ba. Na same shi a bokitinsa yana wasa sarƙar wani.

"Sabon-kaya, yau kai ne a gidanmu? Zauna mana. Kututture ne dai, ba laushi."

Na ce, "Yaya, bar wasa. Na duba komai. A hannuna ba ya mutuwa."

"A hannunka," in ji shi, bai ɗago ba.

"To me zan yi? Jibi zai hau aiki."

Ya ajiye abin wasa sarƙar. Ya ce, "Ka kira shi ya yanka a gabanka. Ka bari ya mutu. Amma wannan karon kar ka kalli injin."

Da yamma na je gida. Akwai wani gungume a bayan ɗakin Baba, na ce ya gwada mini in ji. Ya ja igiya, injin ya tashi, ya ɗora. Na tsaya a damansa, na hana idona zuwa kan injin. Sai na ga hannunsa. Da farko ya riƙe gam, kamar yadda na san shi. Da girgizar injin ta ɗan jima tana shiga jikinsa, sai hannun daman ya fara rawa. Ya ƙara damƙewa don ya danne ta, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Babban yatsansa ya zame daga mariƙin, ya yi tsalle sau ɗaya, ya sake yi, ya bugi makunnin. Ɗif.

Baba ya kalli injin ya ce, "Ka gani ko? Haka yake yi mini."

Bai sani ba. Yatsan ya daina jin taɓawa, bai ma ji ya taɓa komai ba. Na tsaya ina kallon hannun da ya ɗauke ni ina jariri, hannun da nake gaisawa da shi kowace safiya, kuma ban taɓa lura yana rawa ba. Sai a lokacin na tuna ya daina cika kofin shayinsa, ya koma saka riga marar maɓalli.

Na ce, "Baba, zauna."

"Me ka gano?"

Na durƙusa na kama hannun nasa, na ɗora yatsan a kan makunnin, na nuna masa. Yana cikin tafina yana ta rawa. Ya daɗe yana kallonsa kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya.

Ya ce, "Injin lafiyarsa lau ke nan."

Na ce, "Lafiyarsa lau, Baba."

Bai yi faɗa ba, bai buga sanda ba. Can ya ce, "To bishiyar mutanen nan fa? Na ba da baki."

Na ce, "Ni zan riƙe injin. Kai ka tsaya ka gaya mini inda za ta faɗi."

Haka aka yi. Ya tsaya can nesa, igiyar da aka ɗaura wa bishiyar tana hannun masu ja, yana daka mini tsawa in gyara kusurwar yanka, kuma bishiyar ta kwanta daidai inda ya nuna da sandarsa. Yayata ta kai shi asibiti a satin, suna ba shi magani, rawar ta ɗan lafa, amma likita ya ce shi da inji sai kallo.

Na koma wurin Bari-ya-mutu na tsaya a kansa. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun mutuwar farko a kan kututturen nan."

"Shi ne ka bar ni ina ta canza kaya kamar mahaukaci? Ka bar shi yana ta komawa da inji a hannu?"

"Ban bar shi ba," in ji shi. "Duk inda ya nufa, na riga shi aika saƙo cewa kar a ba shi tsayayyar bishiya, gungumen ƙasa kawai. Wannan ta ƙarshen ce ta kuɓuce mini. Da ba ka zo ba, da ni zan tsallako."

"To me ya hana ka gaya masa da bakinka? Ai maganarka yake ji, ba tawa ba."

Ya kalle ni, ya ce, "Shi ya sa. In na faɗa zai ajiye injin a nan, ya tafi gida shi kaɗai. Ni gyara nake yi masa. Karɓar injin daga hannunsa kuwa ba aikin suruki ba ne. Yana da ɗa, shagonsa ma har da allo."

Kun ji irin mutumin da Allah ya haɗa ni da shi. Ya tsaya gaban mai shayi da duk masu wucewa ya ce ya kasa, ya zubar da sunan da ya tara tun ƙuruciya, don kawai mahaifina ya tsallaka titi. Har yau akwai masu cewa injin da ya gagari Bari-ya-mutu, Sabon-kaya ne ya gano shi. Bai taɓa gyara musu zancen ba. Ni ne yau nake gyarawa.

Yanzu kunnuwan nasa sun fara nauyi. Shekarun ƙarar inji sun cinye su. In yayata ta kira shi daga tsakar gida sai ta ɗaga murya, kuma ya ce ba zai zauna yana yi wa mutane cinta-cinta da injinsu ba, gara ya rufe tun ana cewa ya iya. Ya ce zai bar mini kututturen. Na ce ba na so, sannan na je na auna inda zan ajiye shi.

Na gode, Yaya. Na gode da kunnenka da ka ƙarar a kan injinan mutane, da shagon da kake rufewa ka bi mai matsala har inda matsalar take, da ƙaryar nan guda ɗaya da ka yi saboda ni. Ku kuma masu gyara, na inji ko na wani abin, ku yi koyi da shi. Kafin ku kai hannu ga sukundireba, ku bari abin ya nuna muku yadda yake mutuwa, kuma ku ɗaga ido ku dubi wanda ke riƙe da shi.

Kai kuma Yaya, kar ka ɗauka na huce. Da kunnenka nake kishi, kuma wannan da sauƙi, tunda ga shi yana tafiya. Yanzu abin da ke cina shi ne ka ga rawar hannun mahaifina kafin ni, kuma wannan ba ranar da zan rama shi.

Jan injin yana shagona, a rataye inda kowa zai gani. Ranar da Baba ya ba ni shi, ya shafa wurin da fentin ya koɗe, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Naka ne, ɗan nan. Ka riƙe shi da kyau." Idona ya cika, na buɗe baki zan yi godiya. Sai ya ƙara da cewa, "In ya ba ka matsala, ka kai wa mijin yayarka."